Tirelar Alhaji Isuhu da Alƙiblar Hajiya

Tun da muka dawo daga tsaunukan Virginia ban samu sukuni ba. A ƙofar masallaci, a shagon da muke sayen nama a Gate City Boulevard, har a wajen sunan da aka yi makon jiya, duk wanda ya gan ni sai ya riƙe mini hannu ya ce, “Malam Sanusi, yaya kuka ƙare da tirelar nan?” Da tambayar ce kawai, da na jure. Abin da ya ɓata mini rai shi ne labaran da na ji ana yaɗawa: wai tirelar ta kife, wai 'yan sanda sun zo, wai Alhaji Isuhu ya hau bishiya don tsoron namun daji. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya faru, kuma wanda ya ƙirƙiro na bishiyar ya san kansa, ni ma na san shi. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta bayanan taron jama'armu a garin nan, ba a taɓa kama ni da ƙari ko ragi ba. Saboda haka na ɗauko ɗan littafin da na tafi da shi, na zauna in rubuta abin da ya auku bi da bi, har da wurin da laifin ya zama nawa.

Alhaji Isuhu mutumin Maraɗi ne, yana sana'ar sayar da motoci, kuma abokina ne tun zuwana Greensboro. Wata takwas da suka wuce ya kawo mahaifiyarsa, Hajiya Mariyama, don a duba mata ciwon sukari. Magani ya karɓe ta, amma zaman bai karɓe ta ba. Matar da ta saba da tsakar gida, maƙwabta na shiga suna fita tun hantsi, sai ga ta a hawa na biyu na gidan haya, tagarta na kallon wurin ajiye motoci. A wata takwas ɗin nan ba ta taka gidan maƙwabci ba, babu kuma maƙwabcin da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta rage cin abinci, ta rage magana.

Akwai abin da ya kamata a sani tun yanzu. Alhaji ɗan fari ne, Hajiya kuma ta riƙe alkunya irin ta mutanen da: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma ba ya tsare ta da tambaya. Saƙo yana bi ta wajen matarsa Zara'u, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ko ta wajena idan ina nan. Wata rana na je gaishe ta, Alhaji na zaune bai fi taku uku daga inda take ba, sai ta dube ni ta ce, “Malam, ce ma abokinka, ko akuya ana hito da ita ta sha iska.”

Bayan mako biyu ya kira ni in zo in ga abin da ya saya. Tirela ce ta kwana, irin wadda ake ɗaura wa mota a ja, a ciki da gado da murhun gas da firji da ɗan bayan gida. A gefenta na hagu akwai wani sashe da ke cusawa ciki lokacin tafiya, idan an sauka a danna maɓalli ya fito waje kamar aljihun tebur, ɗakin ya yi faɗi. Mutanen nan suna kiransa silaid. A cikinsa gadon Hajiya yake, kuma gadon ba ya shimfiɗuwa sai silaid ya fita gaba ɗaya.

“Kwana ukku, Malam,” in ji Alhaji. “Bakin ruwa, ƙarƙashin itace. Kai za ka karanta muna littahin tirelar, ka san Ingilishina na ciniki ne.”

Zara'u ta amince, amma da sharaɗi guda, kuma ta faɗe shi a gabana don ta san zan rubuta. Allurar Hajiya ba ta son zafi, lokacin kuwa tsakiyar zafi ne. Za ta ɗauke ta a ƙaramar jaka mai ƙanƙara, wadda ba za ta wuce la'asar ba. Idan la'asar ta yi babu wuri mai sanyi da za a sa maganin, za mu juyo gida a ranar, ba gardama. Na rubuta, na karanta musu, kowa ya ce ya ji.

Mun shirya tashi ƙarfe shida na safiyar Asabar. Mun tashi takwas da minti goma. Dalilin jinkirin shi ne kaya: tukwane uku, ƙaramin turmi, buhun gawayi, buta biyu, kujerar da Hajiya ke salla a kai saboda gwiwa, da tabarmar da ta zo da ita daga Maraɗi, wadda tun zuwanta take naɗe a bayan ƙofa. Alhaji ya ce akwai kafet a tirela, ba a bukatar tabarma. Hajiya ta ce wa Zara'u, “Ce mishi a sa ta.” Aka sa ta. Da na yi tunani a kan wannan a lokacin, da mun huta da wahala mai yawa.

Muka bi hanyar arewa ta Summerfield, inda gidaje ke da filaye, ana kuma kiwon dawaki. Hajiya ta manna fuska a gilashi. Ta ga wasu dawaki uku a wani makeken fili, an rufe musu fuska da raga saboda ƙuda, ta tambayi aikin da suke yi. Zara'u ta ce ba sa aikin komai, ana dai hawansu ranar hutu. Hajiya ta yi dariya ta ce, “To su sun samu Amirka.” Wannan ce dariyar farko da na ji ta yi tun zuwanta, na duba agogo na rubuta.

Game da iyaka kuwa, dole in bayyana takaicina. Kwana uku na yi ina haɗa takardu: fasfo ɗin Hajiya da bizarta, wasiƙar likita, takardun mota, takardun tirela, inshora, kowanne da kwafi biyu a cikin jaka mai roba. Na san ƙasa ɗaya ce, amma jiha da jiha ne, kuma mutum mai tsari ba ya tafiya da baƙuwa hannu sake. Da muka matso, Alhaji da kansa ya rage gudu, ya kashe rediyo, ya cire tabarau, kamar yadda jikinsa ya saba a iyakar Ɗan Isa, can kusa da Maraɗi. Sai ga allo a gefen hanya yana yi mana maraba da zuwa Virginia. Shi ke nan. Ba shinge, ba rumfa, ba ko mutum guda mai hula.

“Ina duwan?” in ji Hajiya, tana nufin 'yan kwastan.

“Mun wuce, Inna,” Zara'u ta amsa.

“Ba su sauke mu ba? Ba su buɗe tukwane ba?”

“Babu kowa a wurin.”

“Allah sarki. Ko ba su da lahiya?”

Alhaji ya yi dariya har motar ta ɗan yi lilo, tirela ta biyo ta, na ce masa ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ni dai ban yi dariya ba. Har muka dawo babu wanda ya nemi ganin takarda ɗaya daga cikin jakar nan.

Mun isa sansanin masu hutu da tireloli ƙarfe sha ɗaya saura kwata. Wata mata a ƙofa ta ba mu lambar wurinmu, sha huɗu, da takardar dokoki, na tsaya na karanta ta duka duk da hon ɗin da Alhaji yake yi mini. Dokoki ne masu kyau: lokacin yin shiru, wurin zuba shara, da hana shigo da itacen wuta daga wani gari saboda ƙwari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutanen da kansu. Kowannensu yana da gida mai ruwa da lantarki, amma ya kulle shi ya taho daji yana hura wuta da itace, hayaƙi na shiga masa ido, yana murna. Abin da iyayenmu mata suka yi ta addu'ar Allah ya raba su da shi, shi ne hutun mutanen nan.

Wurinmu fili ne dogo da aka zuba wa tsakuwa aka daddaɓe, daidai tsawon tirela da mota. Daga gefensa na hagu ƙasa ta gangara zuwa tabki, ciyawa ce mai laushi. Duk tirelolin da ke layin sun shiga filayensu a miƙe. Da mu ma mun yi haka, da labarin ya ƙare a nan.

Amma na fito da kamfas ɗina na duba alƙibla. A ƙasar nan alƙibla tana arewa maso gabas, filin kuwa ya miƙe ne arewa sak. Na riga na auna cikin tirelar tun a gida: wurin salla ɗaya ne, siririn lungun da ke tsakiya, kuma kujerar Hajiya ba ta juyawa a cikinsa sai dai ta fuskanci gaba. Na ce wa Alhaji, idan muka shiga a miƙe, Hajiya za ta yi kwana uku tana salla a karkace. Idan kuwa muka gicciye tirelar, hancinta ya kalli arewa maso gabas, to tana zama ta fuskanci alƙibla. Ni na kawo shawarar nan, ba wani ba, kuma ina so a rubuta haka.

Fuskar Alhaji ta yi haske. “Wala! Shi ya sa ni ka son tahiya da mai ilimi.”

Ya shiga mota, ni ina baya da kamfas ina ɗaga hannu. A ba shi haƙƙinsa, ya iya ribas. Sau biyu kawai ya gyara, tirela ta tsaya a kan alƙibla ba ragi ba ƙari. Sai dai tayoyinta na hagu sun sauka daga tsakuwa sun hau ciyawa, kuma gefen ya yi ƙasa da kusan kamu guda. Mun gani. Muka ce za a gyara.

Na buɗe littafin tirelar na fara karanta masa tsarin sauka: a daidaita hagu da dama tukuna, a sa waigi a tokare tayoyi, a kwance mota, a daidaita gaba da baya, a sauke ƙafafun ƙarfe huɗu da ke ƙarƙashinta, sai a ƙarshe a fitar da silaid. Ban kai na uku ba ya katse ni.

“Malam, Inna tana waje cikin rana, kai kana karatu? A buɗe mata ɗaki ta kwanta, sauran mu yi daga baya.”

Na san ba daidai ba ne, yana rubuce a gabana da manyan baƙaƙe. Amma mutum ya ce mahaifiyarsa na cikin rana, da wane baki zan ce a jira? Na rufe littafin. Ya danna maɓalli.

Silaid ya fara fita lafiya. Da ya kai rabi sai ya yi wani nishi kamar an taka tsohuwar ƙofa, ya tsaya. Alhaji ya danna na komawa, ya yi ƙara bai motsa ba. Nauyinsa ya ƙara janyo gefen hagu ƙasa. Zara'u da ke ciki ta buɗe leda, lemo shida suka gangara a guje suka taru a ƙarƙashin gado. Ta ajiye kwanon fura a tebur, furar ta taru a gefe guda ta fara zuba. Ta kunna firji, ta sa ma'aunin sanyinta a ciki, ta fito ta kai kujerar Hajiya gindin wata bishiya ta zaunar da ita. Ashe inuwa na nan taku goma daga inda muke.

Alhaji ya ɗauko ƙarfen juya ƙafafu, ya durƙusa ya sauke ƙafar baya ta hagu, ya shiga murɗawa da ƙarfi don ya ɗaga gefen da ita. A nan muka ji murya daga fili na sha biyar.

“Kai! Bawan Allah! Saki ƙarfen nan kafin ka karya ta!”

Da Ingilishi ta faɗa, ni nake fassarawa. Wata dattijuwa ce baƙar fata, gajera, da hular rana da tabarau rataye a wuya. Ta ce sunanta Loretta, daga East Greensboro take, ta yi shekara talatin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ita da mijinta Walter kuma kowace shekara suna zuwa wurin nan. Walter na kwance a kujera da jarida a fuska, ya ɗaga hannu ɗaya ya gaishe mu bai cire jaridar ba.

Ta zagaya tirelar sau ɗaya, hannu a ƙugu. Ta ce ƙafafun nan ba na ɗagawa ba ne, na hana girgiza ne kawai. Sannan ta tambaya, “Wa ya ajiye ta haka?”

Alhaji ya nuna kansa. Na ce a'a, shi ya tuƙa, amma ni na ba da umarni. Na yi mata bayanin alƙibla a tsanake, da kamfas a hannu, na nuna mata Hajiya a gindin bishiya. Ta saurara har na gama, ba ta yi dariya ba, kuma na ga girmanta a kan haka.

“Ban san addininku ba,” ta ce, “amma na san firji. Irin wannan ba shi da inji. Ruwa ne ke zagayawa a bututu a bayansa, yana gangarowa da kansa. In tirela ta karkata, ruwan ya tsaya, ko kwana nawa za ku yi ba zai yi sanyi ba, ƙarshe ma ya lalace. Ku kashe shi yanzu. Silaid ɗin kuma ya cije ne don jikin tirelar ya murɗe. Sai kun mayar da shi ciki, kun dawo kan tsakuwa.”

Na fassara. Zara'u ta duba agogo, sha biyu da rabi. Alhaji ya ce shi bai yarda a dawo kan tsakuwa ba. A ɗaga gefen da katako a inda take.

“Madam ba ta gane ba,” in ji shi. “Wata takwas ban yi ma Inna abin da ta so ba. Wanga guda ɗaya da na yi daidai, shi za a ce in warware?”

Loretta ta ɗaga kafaɗa ta ba mu aron katakanta da jak na ɗaga mota. Mun gwada sau uku, yana rubuce. Duk lokacin da muka ɗaga muka cusa katako, sai ciyawar ta haɗiye shi, don ƙasar jiƙaƙƙiya ce. A na uku jak ɗin ya zame, Alhaji ya faɗi zaune a cikin laka da farar shaddarsa. Walter ya cire jarida daga fuska a karo na farko, ya duba, ya mayar.

Azahar ta yi muna cikin haka. Hajiya ta daɗe tana kallonmu, sai na ga ta kira Zara'u, suka yi magana ƙasa-ƙasa, Zara'u na nuna tirela tana nuna kamfas ɗin da ke wuyana. Sai Hajiya ta yafito ni. Na je na durƙusa.

“Malam, wai don in yi salla ciki kuka murɗe abin ga?”

“Haka ne, Hajiya. Don ki fuskanci alƙibla ba tare da wahala ba.”

Ta dube ni, ta dubi tirelar, ta ɗaga murya yadda wanda ke cikin laka zai ji. “Tambayi abokinka, wa ya ce mishi cikin akwati ni ka salla? Wata takwas ina salla tsakanin bango huɗu. Tabarmar da na ce a ɗauko, ta mi ce? Ku shimhiɗa mini ita nan, ka nuna mini gabas ɗin naku, ku bar ni da Ubangijina.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na auna lungu, na auna kujera, na auna kusurwa, ban tambayi mai sallar ba. Alhaji ba shi da damar tambayarta, wannan an sani. Ni da nake da dama, kuma aikina ke nan a tsakaninsu, ban yi ba.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya, aka ɗora kujera. Ta cire takalmi ta taka ciyawa da ƙafarta tukuna, ta daɗe a tsaye a haka, sannan ta yi alwala. Mu ma muka yi tamu ta matafiya a gefe, Alhaji ya canza riga.

Daga nan Loretta ta karɓi ragama, mu kuwa muka zama 'yan bas ɗinta. Ta sa muka shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak don kada ya nutse, muka ɗaga gefen hagu kaɗan har jikin tirelar ya saki. Zara'u ta danna maɓalli daga ciki, ni da Alhaji da Walter, wanda matarsa ta tasa da kira ɗaya, muka sa kafaɗa muka tura. Silaid ya yi ƙara ya koma. Alhaji ya ja tirelar gaba ya dawo da ita a miƙe kan tsakuwa.

Ko a kan tsakuwar, hagu ya ɗan fi ƙasa. Loretta ta ɗora ma'aunin magina a ƙasan tirela, irin mai kumfa a cikin ruwa, ta ce a jera katako biyu a gaban tayoyin hagu, Alhaji ya ja a hankali su hau. Ya hau ya wuce. Ya dawo ya wuce ta baya. A na uku ta buga jikin motar da tafin hannu, ya tsaya cak. Ta ce a bar gefen silaid ya ɗara ɗayan da ɗan kaɗan, don idan ya fita nauyinsa zai sauke shi. Wannan ba ya cikin littafin, na rubuta shi a gefen shafi. Aka sa waigi gaba da bayan tayoyi, aka kwance mota, aka juya jak ɗin gaba har kumfa ta zauna tsakiya ta tsawon tirelar. Sannan ƙafafu huɗu, kowace a kan ɗan katako, a murɗa har ta taɓa ƙasa ta ɗan kama, a tsaya.

Hajiya ta gama lazimi ta matso da sandarta. Ta leƙa ta ga kumfar, ba ta gamsu ba. Ta sa Zara'u ta kawo farantin shayi, ta ajiye a bakin ƙofa, ta zuba ruwa daga buta. “Haka mu ka gwada murhu in an sake duwatsu,” ta ce. Aka danna maɓalli. Silaid ya fita sumul har ƙarshe, ruwan farantin ya ɗan motsa ya kwanta daidai ko'ina. Loretta ta dubi farantin, ta dubi ma'auninta, ta ɗaga wa Hajiya babban yatsa. Hajiya ta tambaye ni ko zagi ne. Na ce yabo ne. Ta ɗaga nata.

Ƙarfe huɗu saura minti ashirin aka sake kunna firji. Loretta ta ce irinsa sai ya yi awa shida ko fiye kafin ya yi sanyin kirki. Zara'u ta buɗe jakar magani, ƙanƙarar ta zama ruwa. Na je shagon sansanin da sauri, suka ce ƙanƙara ta ƙare tun rana saboda cunkoso, sai gobe. Da na dawo na tarar Zara'u ta fara mayar da tukwane cikin mota.

“Sharaɗi sharaɗi ne, Malam,” ta ce, idonta ya yi ja. “Kai ka rubuta. Ni ma ba na so, amma ba zan yi wasa da insulin ba.”

Gaskiyarta ce. Alhaji ya zauna a kan matakalar tirelar da muka gama daidaitawa, ya riƙe kai. Loretta ta tambayi abin da ke faruwa, na gaya mata. Ta ce, “Wannan ne kawai? Nawa firjin tun jiya yake aiki. Ku kawo.”

Alhaji ya bi ta ya leƙa, ya dawo fuska a yamutse, ya ja ni gefe. “Malam, akwai naman alade ciki. Da kwalaben giya. Maganin da za ya shiga jikin Inna, a aje shi nan? Mi littahi ya ce?”

Na fara yi masa bayani cewa maganin yana cikin kwalba, kwalbar na cikin kwali, kwalin na cikin jaka, saboda haka babu cuɗanya. Ya ce wari fa? Na ce wari ba ya ratsa gilashi. Ya ce in kira liman. Na ce babu sabis a wurin. Muna cikin wannan muhawara, wadda na yarda ta fi tsawon da ya kamata, sai na ga Zara'u tsaye hannu wofi, tana kallon bayanmu.

Hajiya ce ta karɓi jakar. Tana tafe da sanda a hannu ɗaya, jaka a ɗayan, ta ratsa tsakuwarmu, ta ratsa ciyawar da ke tsakani, ba ta waiwayo ba. Ta tsaya a ƙofar tirelar Loretta ta yi sallama da ƙarfi, irin wadda ake yi a zauren maƙwabta. Loretta ba ta san amsar ba, ta dai buɗe ƙofa ta miƙo hannu. Hajiya ta cire takalmanta ta jera su a kan matakala, ta shiga.

Ta yi minti arba'in a ciki. Ba mu san abin da suka tattauna ba, don ɗaya ba ta jin Hausa, ɗaya ba ta jin Ingilishi, amma muna jiyo dariya. Zara'u ta sauke tukwanen da ta loda.

Da yamma aka hura gawayi. Zara'u ta yi shinkafa da miya, Hajiya ta aika wa maƙwabta da kwano guda da kilishi a kai. Walter ya ci kilishin ya yi tari har hawaye, ya sha ruwa, ya miƙo hannu a ƙara. Su kuma suka kawo masara gasasshiya da wata farar alawa mai laushi da suke gasawa a tsinke. Alawar mun ba da haƙuri saboda ba mu san abin da aka haɗa ta da shi ba, masarar kuwa Hajiya ta ci guda ɗaya da rabi, Zara'u na ƙirgawa. Mata suka kwana a tirela, ni da Alhaji a ɗan tantin da muka taho da shi, inda na gano abokina na shekara ashirin yana minshari.

Da asuba bayan salla Zara'u ta buɗe firjinmu ta duba ma'auni, ta kira ni in gani da idona, na gani na rubuta. Ya yi sanyi yadda ake so. Ta ɗauki mayafi ta ce bari ta je ta karɓo maganin ta gode wa mutane.

Hajiya na zaune a tabarma da carbi, tana kallon ƙofar fili na sha biyar, inda Loretta ta fito da kofuna biyu a hannu.

“Bar shi can,” ta ce. “Sahe da marece ni ka shan allurar nan. Ni za ni riƙa zuwa da kaina.”

A can maganin ya zauna har ranar Litinin da muka naɗe tabarma.